Kunyar Ɗiyar Fari a Gaban Alƙali

Mahdiya, Sabha
Watan Rabi'ul Awwal, 1400

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke cin tuwo a gidanmu na Mirya. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da Hassane direba ya ce yana hana ki leƙa garka. Na san halinki, ba za ki zauna ba, amma don Allah ki riƙa barin yara suna ɗauko miki ruwa. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya bar mana ke.

Mu nan lafiya lau muke, sai sanyi. Sanyin Fezzan, yankin hamadar nan da muke, ba ya jin lallashi, da asuba sai mutum ya yi ta maza kafin ya taɓa ruwan buta. Aiki kuwa alhamdu lillahi, har ya fi ƙarfinmu. Tun da arzikin man fetur ya buɗe, garin nan kullum cikin gini yake, inda ka bar fili wancan watan, wannan watan bene za ka tarar. Manyan motoci na ta sauke siminti da ƙarfe daga Tarabulus, kowane mai gona kuma ya sayi injin ban-ruwa, amma ba mai haƙurin kula da shi, saboda haka ni da ke gyaransu ba na samun zama. Surukarki Saoudé na gaishe ki, ta yi nauyi, muna sa ran saukarta kafin zafi ya shigo in Allah ya yarda. Ta koyi dafa makaroni irin na mutanen nan, mai jan tumatir da barkono. Ina ci ina yabawa don a zauna lafiya, amma zuciyata tana wurin tuwon hatsinki da miyar kuka.

To Inna, akwai maganar da ta sa na zauna rubutu, kuma so nake ki ji ta daga gare ni kafin fasinjojin Hassane su sauka a tashar Damagaram, kowa ya ƙara mata nasa gishirin. Maganar Yaya Asmaou ce da ɗiyarta Hindatou, jikarki da kika yaye kika raina. Kada gabanki ya faɗi, kowa lafiya, kuma ƙarshen zancen alheri ne. Ke kuma Safoura, na san ke za ki karanta mata, ki bi a hankali, ban da tsallake layin nan naki in kin ji ƙaurin tukunya.

Kin san tun shekarar farin nan da ya kore mu daga gida, mijin Yaya, Chékaraou, yake Samnu, ƙauyen garake da ke gaba da Sabha. Wani tsoho mai ƙasa, Haji Salihin, ya ba shi yankin rairayi da rijiya a kan wata al'ada da suke yi nan: kai ka dasa dabino, ka shayar, ka tsare har ya fara 'ya'ya, sannan a raba itatuwan biyu, rabi na mai ƙasa, rabi na mai dasawa. Ba a rubuta komai ba, dattawa ne suka zauna aka shafa fatiha. Chékaraou kuwa kin san shi, ya fi iya hira da itace a kan mutum, ya mai da wurin nan kore shar. Bana dabinon ya yi 'ya'yan kirki na farko, sai Allah ya yi wa Haji Salihin rasuwa kafin a raba. Ɗansa Miftah, wanda ke aiki can wajen rijiyoyin mai, ya dawo ya ce shi bai san da wannan zance ba, Chékaraou ɗan ƙwadago ne kawai, ya kai ƙara kotu a fitar da shi daga garkar. Shari'a ce tsakanin maza biyu a kan itace, ba ruwan yarinya a ciki. Ita tana nan Sabha a kwalejin jami'a, shekararta ta biyu tana karatun malanta, Larabci a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. A wurinmu take kwana, ran Alhamis ta tafi Samnu ta dawo ran Asabar.

Ranar da ɗan sanda ya kai sammaci, Chékaraou yana wurina yana neman bel ɗin inji, Hindatou tana aji. Yaya kaɗai ya tarar, tana tsince dabino a tabarma. Yaro ne matashi, sabon shiga aiki, irin masu son cika takarda har ƙasa. Ya karɓi iƙamar gidan, wato takardar izinin zama, ya ce zai rubuta mutanen da ke ciki. Ya tambayi Yaya 'ya'yanta nawa. Ta lissafa masa maza biyun nan, ta tsallake ta fari, yadda ta saba, yadda kowace mace mai kunya ke yi a garinmu. Ya duba takarda ya ga uku. Ya ce ina sunan ɗayar, ta kau da kai. Ya ce ɗiyarki ce ko kuwa, sai ta tattaro ɗan Larabcinta na kasuwa ta ce masa a'a, ba ɗiyarta ba ce, ɗiyar uwarta ce. Ya sake tambaya don ya tabbata, ta sake ba shi wannan amsar. Da ya ce to faɗi sunan mijinki, sai ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya, ta ce ya tambayi maƙwabta. Da a Mirya ne, ko yaron goye ya san abin da take nufi, har a yaba mata. Amma nan Samnu ne, kuma mutumin nan da biro a hannunsa yake. Ya rubuta cewa matar gidan ta ce yarinyar ba tata ba ce, ta kuma ƙi faɗin sunanta. Da yamma da muka je, Yaya ta ba mu labari tana murna, wai ta sallami baƙo lafiya, har ta cika masa leda da dabino.

Da maganar ta kai kunnen Miftah sai ya shiga bin maƙwabta. Suka ce masa lallai su ma sun lura, yarinyar ba ta taɓa ce wa matar nan uwa ba, Yaya take ce mata, kamar yadda mai gyaran inji ke ce mata, matar kuma ba ta kiranta sai da Ta-Inna. Ina za su san cewa a ɗakinki ta tashi tare da Safoura, ta ji muna cewa Yaya ta ɗauka? In don gaskiya, Inna, ba zan ce Miftah ƙarya ya ƙulla ba. Shi har ga Allah ya yarda cewa Chékaraou ƙanwar matarsa ya sa a takarda da sunan ɗiya don a ba ta zama da karatu. Ya ce mutumin da ya yi wa hukuma ƙarya a kan ɗiya, zai yi wa kotu ƙarya a kan dabino. Daga nan ya je ofishin 'yan sanda ya nemi a ɗauko masa dosiyen Hindatou daga kwaleji, wato jakar kwalin da ake tara takardun kowane ɗalibi, a kai gaban alƙali a bincika. Kin ga yadda rigimar itace ta tsallake ta faɗa kan karatun yarinya. In aka ce takardunta na ƙarya ne, kora ce. In ma ba a ce ba, kin san surukinki da zuciya.

'Yan sanda biyu suka je kwalejin da wasiƙar shugabansu. Wanda ke riƙe da takardun ɗalibai wani dattijo ne siriri mai tabarau, Ustaz Zarruƙ. Ya zaunar da su, ya sa aka kawo musu shayi, ya karanta wasiƙar, sannan ya tambaye su laifin da ɗalibar ta yi. Suka ce ba ta yi laifi ba, babanta ne ake ƙara a kan garka. Ya ce to ita garkar a cikin dosiyen take? Suka ce su dai aiko su aka yi. Ya ce shi ma ajiye shi aka yi a wurin, kuma abin da aka ba shi ajiya na yarinyar ne, ba na babanta ba, balle na wanda ke ƙarar babanta. In alƙali na da tambaya, ya rubuto da hannunsa ya faɗi abin da yake son sani, shi kuma zai kira mai takardun ya gaya mata kafin ya amsa. Suka ɗan ɗaga murya, ya ƙara musu shayi. Haka suka fita hannu wofi. Duk wannan daga bakin masu shara da masu gadi na ji shi, don akwai mutanenmu a cikinsu, kuma kin san ba abin da ke wuce su.

Kashegari ya aika a kira Hindatou, ta ce ba za ta je ita kaɗai ba, sai na wanke baƙin mai na sa rigar Juma'a na raka ta. Inna, tun da na zo ƙasar nan na shiga ofisoshi da yawa, kullum a tsaye ake barina, ana magana a kaina kamar buhun siminti. Ran nan aka ba mu kujeru. Ustaz ya ɗauko dosiyen ya buɗe a gabanta, ya ce ta ga abin da ake nema da idonta. Ba wani abin mamaki a ciki: hotunanta, takardar haihuwa daga Mirya, takardar likitan da ya duba ta lokacin shiga, sakamakon jarrabawa, da abin da malamai suka rubuta a kanta. Ni da na ga takardar haihuwar sai na yi farat na ce ai shi ke nan, a ba su mana, ga sunan uwa ga na uba, a huta. Ustaz bai ko dube ni ba, ita ya duba, ya ce ba kawunta ya tambaya ba. Ta juyo ta ce mini da Hausa, “Kawu, ba abin kunya a ciki. Amma nawa ne.” Ta ce ba ta yarda hotonta da abin da likita ya gani a jikinta su riƙa yawo daga tebur zuwa tebur a ofishin 'yan sanda ba, maza suna juyawa suna shan shayi. Na ji kunya ta kama ni, don ni ban yi wannan tunanin ba. Ustaz ya ce akwai 'ya'yan baƙi da yawa a kwalejin, na Nijar da na Cadi da na Sudan, kuma ba uban da ba ya rigima da wani. In ya buɗe ƙofar nan yau, gobe duk wanda ya yi faɗa da uba sai ya aiko a ɗauko masa takardun ɗa. Amma bai ɓoye mana ba, ya ce 'yan sanda yana iya tare su, alƙali ne ba ya iyawa.

Miftah kuwa bai yi sanya ba, ya roƙi alƙali ya ba da wannan umarnin, aka sa rana. A nan ne Chékaraou ya tashi. Mutumin da sai ya wuni bai yi magana goma ba, ran nan ya yi ta wata guda. Ya ce shi bai ƙetare hamadar Tenere da iyalinsa don a riƙa karanta takardar likitan ɗiyarsa a gaban taro ba. Ya ce dama tun farko mutanenmu na nan sun yi ta yi masa tsegumi, wai ya bar budurwa tana zama aji ɗaya da maza, ya toshe kunne, to ga abin da suke jira ya zo. Ya rantse in dosiyen nan ya fita daga kwaleji, ita ma ta fita ke nan, zai sa ta a motar Hassane a kawo miki ita, dabinon kuma Miftah ya haɗa duka ya cinye. Na ce masa wannan ai ba maganin komai ba ne, ka yi asarar itace ka yi asarar karatu. Ya ce in je in yi wa inji wa'azi. Kin san tsakanina da shi akwai wasa, amma ran nan ban ga wurin wasa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, Inna, don na ga yadda yarinyar nan ta sha wuya. Ta zo ƙasar nan ba ta san ko sannu da Larabci ba, yara suna yi mata dariya, ga shi saura kaɗan ta tsaya gaban allo a ce mata malama.

Hanya ɗaya ta rage, wato wadda ta yi maganar farko ta je ta warware ta da bakinta. Na sami Yaya na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce ita ba ta yi ƙarya ba, ai kowa ya san Ta-Inna taki ce. Na ce Yaya, kowa na Mirya ya sani, alƙalin nan bai taɓa shan ruwan Mirya ba. Ta ce to ni in je in gaya masa. Na ce ni ba ni na haife ta ba. Ta ɗauki ludayi ta ce in fita mata daga gida tun tana ganin mutuncina. Saoudé ma ta je ta gwada, ta dawo ta ce Yaya kuka kawai take, tana cewa da wane ido za ta dube ki in kika ji ta tsaya gaban maza ta ce ita ta haifi ɗiyar fari, har ta kama suna. Ita kuwa Hindatou ba ta roƙe ta ba ko sau ɗaya. Da ta je Samnu ran Alhamis, sai ta nemi kwalin madara ta fara jera littattafanta a ciki, ta ce za ta bar wa wata ƙawarta don kada su lalace a hanya. Yaya na daka a tsakar gida tana kallonta ta wutsiyar ido.

Ranar shari'a na ari motar maƙwabcina, akori-kura, na je ɗaukar Chékaraou da safe. Ina isa na tarar da Yaya zaune a gaban gida, ta sa zanen nan mai ruwan bula da kika aiko mata, ta yafa babban mayafi. Ban tambaye ta ba, ta dai buɗe ƙofar gaba ta shiga, ta bar mijinta ya hau baya da Hindatou. Har muka iso Sabha carbi take ja. Chékaraou ya ce yarinya ba za ta taka cikin kotu ba, saboda haka muka bar ta a kan benci a baranda, kusa da ƙofa. Ustaz Zarruƙ ma ya zo, ba wanda ya kira shi, kuma hannunsa ba komai. Ya gaya wa alƙali cewa dosiyen yana kulle a inda yake, ya zo ne ya ji ainihin tambayar, don kada a kwashi rayuwar yarinya gaba ɗaya saboda layi guda.

Alƙalin tsoho ne, mai magana a hankali. Ya saurari Miftah, ya karanta abin da ɗan sanda ya rubuta, sannan ya ce wa zai bayyana masa wannan. Na miƙe da Larabcina na gareji, wanda rabinsa sunayen ƙarafa ne, na yi ta faɗi-tashi ina gaya masa cewa a wurinmu mace ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta lissafa shi, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, kuma ba ƙi ba ne, kunya ce da girmamawa ga iyayenta. Wani Bakano mai shagon yadi, Lado, wanda kotu ta kira ya yi tafinta, ya gyara mini inda na karkace, ya ce su ma haka suke yi. Alƙali ya ce ya san matan da ba sa faɗin sunan miji, ko a danginsa akwai su, amma uwar da za ta ce ɗiyarta ba tata ba ce, yau ya fara ji. Ya ce bai ƙaryata mu ba, sai dai maganar uwar ce a rubuce a gabansa, don haka uwar yake son ji. Yaya ta tashi. Aka rantsar da ita, ta dubi ƙasa ta ce, “Ni na ɗauki cikinta, ni na haife ta a ɗakin uwata a Mirya. Ita ce ta farina.” Lado ya juya, alƙali ya rubuta, sannan ya ce ta faɗi sunanta. Chékaraou ya sunkuyar da kai. Yaya ta buɗe baki ta rufe, ta damƙe bakin mayafi, na ce a raina shi ke nan, an zo inda ba za ta iya ba. Sai kawai ta ɗaga kai, ba a hankali ba, da ƙarfi, kamar mai kiran wani daga ƙarshen garka, ta ce, “Hindatou.” Daga baranda muka ji an ce, “Na'am.”

Yarinyar ta ce mini daga baya ba ta san lokacin da ya fita daga bakinta ba. Muna waiwayawa muka gan ta tsaye a bakin ƙofa, hawaye na zuba, uwar kuma ta juya mata baya ta ja mayafi har hanci. Alƙali ya cire tabarau ya goge, ya ce shi dai ya gamsu. Ya ce ba ya bukatar dosiye, ba zai rubuta wa kwaleji komai ba, kuma kada wani ɗan sanda ya sake zuwa can a kan wannan magana. Ya dubi Miftah ya ce ƙarar da ya kawo ta dabino ce, ya kawo shaidu a kan dabino, ya bar 'ya'yan mutane su yi karatunsu. Ustaz ya ɗora hannu a ƙirji ya fita abinsa, ko tsayawa mu yi masa godiya bai yi ba. Ni kuwa ban san ina kuka ba sai da Lado ya miƙo mini hankici, ya ce in share, gemu ya jiƙe.

Maganar garka ba a gama ba tukuna, amma muna kyautata zato. Biyu daga dattawan da suka shafa fatihar suna raye, sun ce za su zo su faɗi abin da suka gani. An kuma ce mahaifiyar Miftah ta kira shi ta yi masa faɗa, ta ce ita ta dafa abincin da aka ci ranar. Shi kansa ya tsaya a garejina kwanan baya da injin da ba abin da ya same shi, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce shi bai san al'adarmu ba. Na ce yanzu ai ya sani, na ƙara masa mai na sallame shi. Chékaraou ya koma bebensa na da, yanzu haka yana bisa itatuwa yana ɗora wa matan dabino furen namiji, bai ware na wa da na wa ba, duka yake bi. Bai ce ya janye rantsuwa ba, don dosiyen bai fita ba, balle a ce ya karya ta. Ran Asabar dai shi da kansa ya ɗauki kwalin littattafan ya kai bakin hanya, ya tsaya har ta sami mota. Tana aji yanzu da nake rubutun nan.

Saura abin da ya fi damun Yaya, wato ke. Ita ta sa ni in rubuto, ta ce in roƙar mata gafara, in gaya miki ba fitsara ba ce, ba kuma ƙasar Larabawa ce ta canza ta ba. Tun daga ranar ba ta sake kama sunan ba, ta koma Ta-Innarta. Ni dai ina shaida miki, Inna, tarbiyyarki ba ta zube ba. Na ga matar da kunyarta ta fi mata komai nauyi ta ajiye ta a gaban baƙi don ɗiyarta ta ci gaba da karatu, kuma ban taɓa jin girman Yaya a raina kamar ran nan ba. Jiya na je Samnu duba inji, na tarar da ita ita kaɗai, na tsokane ta na tambaye ta yadda ta ji sunan a bakinta. Na ɗauka ludayi za ta ɗauko. Sai ta ce ba ta san yarinyar na jira ba sai da ta ji yadda ta amsa. Can kuma ta ce, “Nouhou, ni ma ɗiyar fari ce. Ban san yadda sunana yake a bakin Inna ba.” Ta faɗa ta tashi ta shiga ɗaki, ta ce kada in sa wannan a takarda. Ga shi na sa, in ta ji sai ki rabu da ni da ita.

Ba cewa nake ki bar abin da kika gada ba, ni wa ne da zan koya miki. Na dai ba Hassane ƙaramin rediyo mai kaset ya kawo miki, da batir, da kaset guda sabo wanda ba komai a cikinsa. Safoura za ta nuna miki inda ake dannawa. In kin ga dama ki yi mana gaisuwa a ciki, ki sa wa jikokinki albarka, Hassane zai dawo da shi. Abin da kika ga ya dace ki faɗa, shi za mu ji. In ya iso, Samnu zan kai shi, in kunna wa Yaya, ni in fita waje in ba ta wuri.

Ki gaishe mini da Baba Sama'ilu da iyalinsa, da Gwaggo Rékia, Allah ya ba ta lafiyar idon. A gai da Safoura mai karatu da mijinta, da Mamou da yaran gida baki ɗaya, da liman da duk mutanen unguwa da ke tambayarmu. Saoudé na durƙusawa tana gaishe ki. Chékaraou ya ce a gaishe ki, kuma daga gare shi wannan doguwar magana ce. Hindatou ta ce a gaya wa Innarta ta riƙe ta da addu'a, jarrabawa ta kusa. Yaya na gaishe ki, tana jiran amsarki. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ɗanki mai neman albarkarki,
Nouhou